Hoton Gida Mai Lamba 214

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, Abdulghaffar mai hoto ya buɗe shagonsa ya tarar akwatin kwanon da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur ba ya nan. Kyamararsa tana rataye inda ya bar ta, rediyo ma ba a taɓa ba. Ya duba bayan labule, ya duba ɗakin wanke hoto, ya sake leƙa ƙarƙashin teburin, sai ka ce akwatin zai ji kunya ya dawo. Daga nan ya fito bakin titi ya tsaya da hula a hannu har mutane suka lura da shi.

Nan da nan layinmu na unguwar Karantina a Jidda ya hallara, domin babu wanda bai san abin da ke cikin akwatin ba. A shekarar nan ta 1975 aka ja sabuwar hanya ta ratsa ta kanmu, aka shafa wa gidaje goma sha ɗaya jar lamba. Ƙasar ba tamu ba ce. Ginin da ke kanta kawai lajna, wato kwamitin kimanta gidaje, ke biyan diyyarsa, ita kuwa lajna ba ta yarda da bakin kowa ba sai hoto. Kowane gida hoto huɗu: rufi, ɗakuna, gefe, sannan gaban gida da mai shi tsaye a bakin ƙofa, fuska a buɗe, yana riƙe da allo mai lambar gidan. Idan ɗaya ya ɓace, takardar ta mutu. Gobe Asabar da safe ce ranar ƙarshe ta miƙawa, ga shi katafila ta riga ta kwantar da bakwai daga cikin gidajen, babu abin da za a sake ɗauka. Hotunan da baƙin fim ɗinsu duk suna cikin akwatin.

“Sayar da su ya yi,” in ji wani daga baya. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Alhaji Abdulghani, dattijon layin, ya dogara sandarsa ya ce, “Abdulghaffar, mu ba ma son rigima. Zuwa magariba idan babu akwati, zan kai ka wurin 'yan sanda, in kuma gaya wa kafilinka. Ka san abin da zai biyo baya.”

Ya sani sarai. Shekararsa talatin da huɗu, a Jidda aka haife shi, a Jidda aka binne iyayensa, amma iƙamarsa, takardar izinin zama, tana hannun kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Idan aka janye ta, jirgin ruwa za a sa shi da matarsa da 'ya'yansu uku zuwa ƙasar da ko a hoto bai taɓa gani ba.

“Wallahi ya Ammi ban sayar ba,” ya ce, yana kiransa baffa da Larabci. “Ku kira Baba Na'ibi.”

* * *

Na'ibi bai zo da sauri ba, gwiwoyinsa sun daɗe da daina yin sauri. Mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, ya yi shekara ashirin yana bin sawun shanun sata a dajin Gadarif kafin aikin Hajji ya kawo shi, zama ya riƙe shi. Jidda ta ci masa sana'a da kwalta da siminti. Yanzu akuyar da ta tsinke igiya ake kiransa ya nemo, wani lokacin kuma mijin da ya ce ya tafi aiki unguwar Khumra.

Ya dubi taron da ke ƙofar shagon ya girgiza kai.

“Kun kyauta. Ƙafa sittin a kan sawun mutum ɗaya. Akwai wata ƙofa?”

Akwai ta baya, mai fita wani siririn lungu mai yashi. Shi da Abdulghaffar kaɗai suka zagaya. Ƙofar katako ce mai sakata daga ciki, a jikin sakatar kuwa ga sabon karce inda aka zura bakin wuƙa aka ɗaga ta. Na'ibi ya durƙusa da ƙyar, yana ambaton Allah a kan kowace gwiwa. Rana tana tsaka, ta daddale yashin da haske, abin da ake gani kaɗan ne. Duk da haka ya ga shatin takalmin taya, babba, na namiji, ya zo ya koma. A bakin ƙofa takalman biyu sun kwanta gefe da gefe, daidai wa daida.

“Ɓarawonka ya cire takalmi kafin ya shiga,” ya ce. “Yana da tarbiyya.”

Ya ƙara sunkuyawa. A dugadugin hagu akwai faci mai ƙusa uku. Ya daɗe yana kallon facin, har Abdulghaffar ya tambaye shi ko lafiya.

“Na san takalmin nan. Shekara goma sha biyar ina ajiye nawa kusa da shi a ƙofar masallaci. Na Malam Rafi'u ne.”

Abdulghaffar ya ja da baya. Malam Rafi'u shi ne limamin ƙaramin masallacin layin, yau kwanansa goma sha tara a kabari.

“Ya Ammi, a'uzu billahi.”

“Kwantar da hankalinka. Mamaci ba ya buƙatar wuƙa wajen buɗe ƙofa. Kayansa aka raba sadaka, wani ya samu takalmin. Kawo daro ka kife a kan wannan, kada ka gaya wa kowa.”

Ya bi sawun taku arba'in har inda lungun ya faɗa filin da katafila ta tattake. A nan ya ƙare, cikin ɓaraguzan bulo da kwanon rufi. Na'ibi ya tsaya yana kallon filin, ransa a jagule. A Gadarif ƙasa ba ta taɓa yi masa haka ba.

* * *

An yi satar ne lokacin Juma'a, don haka ya nemi mazan da ba a gani a sahu ba. Su biyu ne. Na farko Hamad dalali, wanda tun da aka shafa jar lamba yake zagaya gidaje yana lallashin masu gajen haƙuri su sayar masa da takardunsu da arha. Na'ibi ya same shi a runfar mai shayi ya ɗaure muƙamuƙi da rawani, kunci ɗaya ya kumbura.

“Ba a gan ka a masallaci ba, Hamad.”

“Ina wurin mai cire haƙori a Bab Makka, Baba. Ga shaida.” Ya buɗe baki fiye da yadda aka nema.

“Rufe, na gani. An ce kai za ka ci ribar ɓatan akwatin nan.”

“Ni? Gida biyu daga cikin sha ɗayan nan ni na saye takardunsu. Idan babu hoto gobe, shi ke nan, ƙasa na saya, ƙasar ma ba tawa ba. Ni da haƙorina wa ya fi wani shan wuya yau?”

Na'ibi ya dubi ƙafarsa. Takalmin fata ne na kanti, mai tsini, irin na wanda ba ya son a tuna daga ina ya fito. Ko da kuɗi aka haɗa shi, Hamad ba zai sa takalmin taya ba.

Na biyun shi ne Alhaji Abdulghani da kansa, wanda ya ce ciwon ƙafa ya hana shi fita. Na'ibi ya same shi a zaure, suka gaisa doguwar gaisuwa ta mutanen da suka san juna tun suna da baƙin gemu.

“Alhaji, Abdulghaffar ya ce ka je wurinsa sau biyu a kan hoton rufinka.”

Alhaji ya murza kan sandarsa.

“Na je. Na ɗora ɗaki a sama bayan an shafa lamba, ka sani, kowa ya sani. Bulon sabo ne fil, a hoto sai ƙyalli yake yi. Lajna ta ce abin da aka gina bayan lamba ba ya cikin kimantawa, na roƙe shi ya ɗauka ta inda ba za a gane ba, ya ƙi. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma in sace akwatin in rasa gidan gaba ɗaya saboda ɗaki ɗaya? Na tsufa, ban haukace ba.”

“Kai ka raba kayan Malam Rafi'u?”

“Ni ne. Riguna uku, rawani, buta, littattafai an kai masallaci.”

“Takalmi fa?”

Alhaji ya ɗaga kai yana tunani.

“Ban ga takalmi ba. Abin da matarsa ta miƙo ta bayan labule shi na raba. Ka san Bashira tana takaba, ba a yi mata yawan tambaya. An rushe nasu gidan kwana bakwai da rasuwar, yanzu tana ɗakin Rabi'atu mai waina.”

Na'ibi ya fito bai ƙaru da komai ba sai ciwon baya. Ya yi la'asar, ya zauna a inuwar masallaci yana jiran rana ta sauka. Mutanen da ke wucewa suna kallonsa, a ransu tsohon ya gaji ya haƙura. Rabin zatonsu gaskiya ne.

* * *

Sai da inuwar mutum ta ninka tsawonsa sannan ya koma lungun ya ɗaga daron. Hasken yamma yana shigowa a kwance, kowane ɗan tudu a cikin sawun ya sami inuwarsa. Abin da tsakar rana ta ɓoye ya fito.

Gaban takalmin ya nutse sosai, dugadugin kuwa da ƙyar ya taɓa yashi, sai dai ya ja ɗan layi a bayansa a kowane taku. Ƙafar da ke ciki ba ta kai ƙarshen takalmin ba, ta gaza da kusan yatsa uku. Takun gajere ne, a hankali, babu gudu ko a dawowa da akwati a hannu. Namijin da aka ba takalmi sadaka ya yi masa yawa, yanke shi yake yi, taya ce. Wanda ya sa wannan bai yarda ya taɓa shi da wuƙa ba.

Na'ibi ya zauna dirshan a yashi. Ya tuna uwarsa a Mai Wurno, shekarar da ubansa ya rasu. Tsofaffin matan can sun ce mai takaba ba ta fita, idan kuwa fitar ta zama dole, to ta sa takalmin mijinta, ta riƙe 'yar wuƙa a hannu, ta taka ƙasa a hankali. Haka uwarsa ta riƙa zuwa rijiya wata huɗu da kwana goma, tana jan takalmin da ya fi ƙafarta. Bashira ma 'yar can ce.

Bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan. Ya so a ce Hamad ne.

“Ka gano?” in ji Abdulghaffar.

“Ka gaya wa Alhaji ya tara masu gidajen a ƙofar Rabi'atu. Kai kuma kama hannuna, ba zan iya tashi ba.”

* * *

Rabi'atu ta shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gidanta, ta koma gefe wurin murhun gawayi inda take dafa shayi. Alhaji Abdulghani ya zauna a kujera saboda ƙafarsa, Hamad ya raɓe da kumburarren kuncinsa, sauran masu gidajen suka jeru. Abdulghaffar ya tsaya a jikin bango, babu wanda ya matsa masa wuri. A ƙofar ɗakin da ke fuskantarsu labule ne shuɗi a sake.

“Rana tana faɗuwa, Na'ibi,” in ji Alhaji. “Me ya sa nan?”

“Saboda na gaji, nan kuma akwai shayi.” Ya kurɓa. “Hamad bai ɗauka ba, yana can ana fama da bakinsa. Alhaji bai ɗauka ba, haushi kawai ya ji. Abdulghaffar ma bai sayar ba, mai sayarwa ba ya ɓalle ƙofarsa ta baya ya kuma cire takalmi. Wanda ya ɗauka bai yi don ya cuci kowa ba, kuma ina kyautata zaton akwatin zai kwana a shago yau. Idan kun yarda da ni, ku tashi ku tafi, kada ku tambaye ni suna.”

“Ba mu yarda ba,” in ji Hamad ta gefen baki. “Rufa masa asiri kake yi. Yalla, mu je, a kai shi wurin 'yan sanda kawai, can za su sa ya faɗa.”

Mutum biyu suka miƙe. Abdulghaffar ya dubi Na'ibi, Na'ibi ya dubi kofin shayinsa.

“Ku ƙyale bawan Allah.”

Muryar daga bayan labule ta fito, ƙasa-ƙasa, yadda mai takaba ke magana. Labulen ya motsa daga ƙasa, aka turo akwatin kwano waje. Rabi'atu ta dafe ƙirji, da gani ba ta san yana ɗakinta ba.

“Ni na ɗauka,” in ji Bashira. “Ban iya karatun lamba ba, shi ya sa na kwaso duka. Niyyata in ba Rabi'atu ta mayar da asuba. Abdulghaffar, ka yafe mini, ban san abin zai hau kanka ba.”

Abdulghaffar ya durƙusa ya buɗe akwatin, ya bi ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Goma lafiya lau. Na sha ɗaya, mai lamba 214, ya zaro hoton gaban gida ya ɗaga. Ga ƙofa, ga allon lamba, ga farar riga da hannuwan Malam Rafi'u. Inda fuska take an yanke da wuƙa, rami ne zagayayye.

“Hajiya Bashira,” in ji Alhaji a hankali, “kin san abin da kika yi? Babu fuska, babu diyya. Gidan nan shi ne duk abin da ya bar miki.”

“Na sani, Alhaji. Shekara arba'in Malam bai tsaya gaban mai hoto ba, takardarsa ma tsohuwa ce mai dangwalen yatsa. Yana ganin hoton mai rai nauyi ne a lahira. Da lajna ta ce dole, kwana uku bai ci abinci ba, sannan ya ɗauki allon ya tsaya, don kada in rasa wurin zama. Da ciwo ya kwantar da shi ba ya maganar komai sai wannan. Ya riƙe hannuna ya ce, Bashira, fuskata tana cikin akwatin mutane, kada ki bari ta kwana a ofis bayan ni ina ƙasa. Na ce masa to. Bai ƙara wata magana ba bayan wannan.”

“Zafin ciwo ne,” in ji Hamad. “Malamai da yawa suna da hoto.”

“Wataƙila. Amma ni na ce masa to.”

* * *

Abdulghaffar ya matso kusa da Na'ibi ya buɗe tafin hannunsa kaɗan. Wani ɗan baƙin fim ne a cikin siririyar takarda, hoto huɗu a jere, wanda ya zaro daga ƙasan ambulan ɗin.

“Ba ta san wannan ba, ya Ammi,” ya raɗa masa. “Daga jikinsa nake wanke hoto. Kafin isha na fitar da sabo, gobe a karɓi takardarta, ba sai ta ji ba.”

Alhaji ya ji, ya gyaɗa kai. Hamad ma ya gyaɗa. Rabi'atu ta ɗora yatsa a leɓe. Tun da aka shafa jar lamba layin bai taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba sai yau. Amma raɗa a tsakar gida ƙarami ba ta da sirri.

“Malam Na'ibi,” in ji Bashira, “kai ka yi salla a bayansa shekara da shekaru. Akwai saura?”

Duk idanu suka koma kansa. Kalma ɗaya ce, a'a, tsohuwa ta sami ɗakin da za ta ƙarasa kwanakinta. Na'ibi ya juya kalmar a bakinsa. Ya san idan ya faɗe ta, matar nan za ta zauna sauran ranta tana jin ta cika alkawari alhali ba ta cika ba, shi kuma zai riƙa gaishe ta kullum da sanin haka. Tausayinta ya kama shi, ya kuma ji haushin duk wanda ya sa aka kira shi yau.

“Akwai, Hajiya. Baƙin fim ne, daga shi ake fitar da wani hoton. Idan kin bar shi, gobe za a kimanta gidanki. Idan babu shi, babu komai, kuma babu mai iya gyarawa. Ki tuna don ke ya tsaya. Shawarata ki bar shi.”

“Na gode da ka faɗa mini. Ba ni in gani.”

Abdulghaffar ya dubi Alhaji, Alhaji ya kawar da kai. Rabi'atu ce ta karɓa ta miƙa. Hannu ya fito ta gefen labulen, siriri, babu lalle, ya ɗaga fim ɗin saitin sauran hasken yamma. Ya daɗe a sama. Mazan suka sunkuyar da kai, don ba kallonsu ba ne.

“Ya rame a nan,” ta ce. “Ban lura ba a lokacin.”

Ta ce wa Rabi'atu ta matso da murhun. Rabi'atu ta ce, “Yaya, don Allah,” sau ɗaya, sannan ta matso da shi. Fim ɗin ya nannaɗe a kan garwashi, ya yi wari mai ɗaci, ya ƙare kafin ladan ya gama gyaran murya.

Washegari Abdulghaffar ya kai ambulan goma sha ɗaya ofishin lajna, Na'ibi ya raka shi duk da gwiwoyinsa. Magatakarda ya duba goma ya buga musu hatimi. Ya zo kan ta ƙarshe, ya ɗaga hoton, ya hango su ta cikin ramin, ya tambaya ko akwai wani. Suka ce babu. Gidan ɗaki biyu ne da rijiya da bishiyar lemun tsami, Bashira ta yi shekara talatin da ɗaya tana share tsakar gidan. A gaban lamba 214 magatakardan ya rubuta: fili, babu gini.